Yaran da Suka Yi Gudun Hijira Ba Tare da Iyaye Ba

Idan muka ji an ce 'yan gudun hijira, abin da muke kawowa a rai shi ne uwa da goyo da kaya a ka. Amma akwai yaran da sukan ƙetare iyakar ƙasa su kaɗai, babu uba, babu uwa, babu ko da kawu. Bari mu dubi labarin yaran kudancin Sudan, domin a cikinsa za mu ga yadda ake kula da irin waɗannan yara.

Yaƙin basasa ya sake ɓarkewa a Sudan a 1983. Daga wajen 1987 yara maza na ƙabilun Dinka da Nuwer, kimanin 20,000, suka kama hanyar Habasha a ƙafa. Da yawansu suna daji wurin kiwon shanu lokacin da aka ƙone ƙauyukansu, shi ya sa suka tsira ba tare da sanin inda iyayensu suka nufa ba. Da gwamnatin Mengistu ta faɗi a 1991 sai aka sake korarsu, ruwan Kogin Gilo ya cinye wasu, harsashi ya ci wasu. A 1992 kimanin 10,000 suka isa sansanin Kakuma a arewacin Kenya.

Abinci da magani da wurin kwana su ne na gaggawa, kowa ya san wannan. Aikin da ba a cika lura da shi ba shi ne rubutu. Dole ma'aikaci ya zauna da yaro ya rubuta sunansa, da na ubansa da kakansa, da ƙauyensu, da inda suka rabu, tun kafin ƙaramin yaro ya manta. Mu malamai mun san yadda ɗan shekara shida yake saurin mantuwa. Da yawa daga yaran nan ba su san ranar haihuwarsu ba, sai aka rubuta musu 1 ga Janairu. Da irin wannan rajista ce ƙungiyar Red Cross take neman dangi, tana kai wasiƙu daga sansani zuwa ƙauye. Saboda haka ba a gaggawar kiran yaro maraya, ba a kuma ba da shi ga baƙi su ɗauke shi har abada, don wataƙila uwarsa tana da rai tana cigiyarsa.

To, kafin a sami dangi, wa zai riƙe shi? An zaunar da samarin rukuni-rukuni, manya suna dafa wa ƙanana, ga dattijo mai sa ido, ga makaranta ko da a gindin itace. Wannan ya taimaka, sai dai a sansanonin Habasha 'yan tawayen SPLA sun riƙa ɗibar wasu suna mai da su sojoji. 'Yan mata kuwa an raba su gidajen iyalai bisa al'ada. Mu da muka saba da riƙon ɗan ɗan'uwa za mu ce hakan ya fi, kuma gaskiya ne yaro ya fi samun natsuwa a cikin gida. Amma da yake ba a riƙa bin sawunsu ba, wasu sun zama 'yan aikace-aikace, an hana su makaranta, an aurar da wasu da wuri saboda shanun sadaki. Da Amurka ta karɓi samari kimanin 3,800 a wajen 2001, 'yan matan da suka samu shiga ba su kai ɗari ba, domin a takarda ana ganin suna da masu riƙonsu.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ɗora wa gwamnatoci nauyin kare yaro ɗan gudun hijira da taimaka masa ya sami iyayensa. Inda ba a same su ba, za a ba shi kulawa daidai da ta kowane ɗan ƙasa da ya rasa gidansu.