Gargaɗi Game da Iskar Gefe ga Masu Shiga Ƙananan Jiragen Sama

Tun da fitinar rashin tsaro ta tsananta a gaɓar kogin Komadugu a shekarar 2015, ƙananan jiragen sama suka yawaita zirga-zirga tsakanin Yamai, Damagaram da Difa, ɗauke da ma'aikatan agaji da na hukuma, har ya wajaba a kan jama'ar Difa da Shetimari su fahimci wani haɗarin da ba a cika ambato ba, wato iskar da ke bugun jirgi ta gefe lokacin sauka.

Asalin al'amarin shi ne, jirgi ya fi samun natsuwa idan ya sauka yana fuskantar iska, alhali titin sauka a shimfiɗe yake wuri guda, ita kuwa iska ba ta da alkawari: da hunturu takan taso daga arewa maso gabas da ƙurar Bodele ta ƙasar Cadi, da damina kuma guguwa takan riga hadari isowa daga gabas. Idan ta zo a gicciye, matuƙi yakan karkata hancin jirgi wajenta, kamar yadda mai fito ke nufar da goshin kwalekwale sama da mashigar da yake so, sa'an nan ya miƙe shi dab da taɓa ƙasa; in ya makara ko ya yi gaggawa, sai tayoyi su dira a karkace, fiffike ya karci ƙasa, jirgi ya kauce daga titi. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172, iskar gefen da aka jarraba shi da ita ba ta wuce kimanin kilomita 28 a sa'a ba.

Manyan jirage ma ba su kuɓuta ba. Ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin Boeing 707 mai ɗauke da alhazai daga Jidda ya sauka Kano cikin iska mai ƙarfi, ƙafafunsa suka karye, ya kama wuta, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Saboda haka, idan matuƙi ya fasa sauka ya sake tashi, ko ya koma Damagaram, ko ya ɗage tafiya, kada fasinja, komai girman muƙaminsa, ya matsa masa ko ya jingina masa tsoro, domin tawakkali na gaskiya ba ya kore riƙo da sababi. Makiyayan da ke kusa da filin jirgi kuma su nisantar da dabbobinsu daga titin, gama matuƙin da ke fama da iska ba shi da sararin kauce wa saniya.