Kar mu bar ruwan sama ya gudu

Manoma da makiyayan Damargu, daga Tanut har Belbeji, damanarmu gajera ce, Yuli zuwa Satumba. Ruwan kuma kaɗan ne.

In ruwa ya faɗi bisa fako, yana daddaɓe ƙasa ta yi ɓawo. Sai ya gudu zuwa kwari, ya kwashe taki.

Dutsin da ke zaune bisa ƙasa yana tare ruwa, ya rage gudunshi, ƙasa ta sha. Wanda ya nutse cikin ɓawo ba ya wannan aiki. Saiwoyin ciyawa da na anza kuwa suna buɗe ma ruwa hanya.

Don haka, mu jera duwatsu su gicciye gangare. Mu bar kara cikin gona. Kar mu tuge itace wajen sassabe.