Camfin ƴan wasan kwaikwayo

Yara, kun san a garinmu ana hana yin fito da dare, wai yana kiran aljannu. To, ƴan wasan kwaikwayo na ƙasar Faransa su ma suna da nasu camfi.

Na farko, ba a yin fito a bayan dandali. Sun ce yana jawo tsiya. Ga mafarin abin: a zamanin da, ma'aikatan jirgin ruwa ake ɗauka su ja igiyoyin labule da na kayan wasa, don sun gwane da igiya. Da fito suke ba juna alama. In wani ya yi fito a banza, sai a saki kaya mai nauyi bisa kan mutane.

Na biyu, ba su son sa tufafi tsanwa. Babban marubucinsu, Moliyer, ciwo ya kama shi yana cikin wasa a birnin Pari, a shekarar 1673. Ya rasu a daren nan. Ana cewa riga tsanwa ce jikinsa. Ban da wannan, a da, da tsatsar tagulla ake rina tsanwa, ita kuwa guba ce.

Kun gani, wani camfi gargaɗi ne wanda aka manta dalilinsa. Wanda ya san dalili ya rabu da tsoro.

Tambayoyi
1. Don mi aka hana fito a bayan dandali?
2. Ku tambayi kakanninku dalilin wani camfi na garinku.