Hijira Daga Makka Zuwa Madina

Musulmi suna ƙirga shekarunsu ne daga Hijira, wato ƙaurar da Annabi Muhammadu (SAW) ya yi daga Makka zuwa Madina a shekarar 622 Miladiyya. Kafin mu gane abin da ya ba wannan tafiya irin wannan matsayi, sai mun san halin da aka baro a Makka.

An haifi Annabi wajen shekarar 570, cikin ƙabilar Ƙuraishawa. Yana da shekara 40 wahayi ya fara sauko masa a kogon Hira. Ya yi kimanin shekara 13 yana kiran mutanen Makka su bauta wa Allah shi kaɗai, amma manyan gari suka ƙi. Arzikinsu ya dogara ne da fatauci da kuma baƙin da ke zuwa ziyarar gumakan da aka jera a Ka'aba. Saboda haka suka tsananta wa waɗanda suka ba da gaskiya, musamman bayi da marasa gata. Bilal, alal misali, an riƙa kwantar da shi a kan rairayi mai zafi, a ɗora masa dutse a ƙirji, har sai da Abubakar ya saye shi ya 'yanta shi.

A shekarar 615 wasu Musulmi suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Habasha. Sarkin ƙasar, Najjashi, Kirista ne, ya kuwa ba su mafaka, ya ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa. Ke nan Musulunci ya taka ƙasar Afirka tun kafin ya kafu a Madina.

Al'amari ya ƙara tsanani wajen 619, da Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib suka rasu. Ana cikin haka sai mutanen Yasriba suka gayyace shi. Ƙabilu biyu na garin, Aus da Khazraj, sun gaji da yaƙar juna, suna neman mai sasanta su. Musulmi suka riƙa sulalewa kaɗan-kaɗan. Daga baya Annabi ya fita tare da Abubakar, suka yi kwana 3 a ɓoye cikin kogon Sauru, sannan suka kama hanya. Yasriba ce aka koma kira Madina.

A nan ne al'amura suka sauya. Annabi ya gina masallaci, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai, waɗanda suka baro dukiyarsu a Makka, da Ansaru, masu masaukinsu. An kuma rubuta yarjejeniyar zaman tare wadda ta haɗa har da Yahudawan garin. Wannan babban abu ne a ƙasar da ba a san wata kariya ba sai ta dangi. Mutanen da jiya ake farauta yau sun zama al'umma mai shugaba da doka.

Ƙuraishawa ba su haƙura ba. An gwabza a Badar a 624, da Uhudu a 625, da yaƙin Khandaƙ a 627. A 630 Annabi ya shiga Makka da nasara, ya yafe wa mafi yawan maƙiyansa. Ya yi wafati a Madina a 632.

Daga Madina halifofin farko suka yi mulki. A zamanin Umar ɗan Khaɗɗabi aka ci Sham da Iraƙi da Masar, kuma shi ne, bayan shawara da sahabbai, ya tsayar da shekarar Hijira ta zama farkon kalanda.