Fitilun da Ke Rawa Idan An Tayar da Janareta

Ɗan 'yar'uwata yana sana'ar hayar kayan sauti da fitilun biki a Ƙauran Namoda. Aiki kan kai shi Shinkafi, wani lokaci Zurmi, amma tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin nan ya daina zuwa gwaji kafin ranar taro. Sai ya samo dabara. Ya gina siffar zauren biki a cikin Unreal Engine, manhajar kamfanin Epic Games da ake ƙera wasannin kwamfuta da ita, ya rataya hotunan fitilu a inda na gaske za su zauna, ya haɗa kwanturolarsa da laftof. Idan ya murza, fitilun cikin allo su bi. Ya naɗi tsarin gaba ɗaya da Take Recorder don ya kunna wa mai biki ya gani.

A nan rigimar ta fara. "Kawu, zo ka ga ikon Allah," in ji shi. Da babu wuta, laftof na kan batiri, naɗin yana tafiya sumul: ja ya shigo, shuɗi ya biyo, fitilu masu juya kai suna bin amarya a natse. Ana tayar da janareta sai su kama ƙyaftawa, kawunansu suna fizga kamar akuyar da aka ɗaure ranar kasuwa. A kashe inji, su lafa.

Kowa a shagonsa ya ce wutar janareta ce ba ta da kyau, kuma ban ga laifinsu ba, don ta sha ƙona musu kaya. Aka sa sitabilaiza, babu canji. Na ce masa, fitilar da ke cikin allo ba ta shan wuta. Da wutar ce ke rawa, hoton duka zai girgiza, har da labule da kujeru. Ga su nan a tsaye.

Sai zargi ya koma kan naɗin, ko ya lalace. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba bidiyo ake naɗa ba, lambobi ne. Fitilun dandali suna jin yaren da ake kira DMX512, wanda ƙungiyar USITT ta Amurka ta fitar a 1986. Layi ɗaya yana ɗauke da tashoshi 512, kowace tasha tana karɓar lamba daga 0 zuwa 255. Wata tashar ta haske ce, wata ta launi, wata ta juya kai hagu da dama. Muka buɗe Sequencer, inda lambobin ke kwance a jere bisa lokaci. Sun hau a hankali, sun sauka a hankali, babu tsalle ko ɗaya. Naɗin lafiyarsa ƙalau.

Muka duba adireshi, domin Art-Net, hanyar da ke ɗauko DMX ta wayar netwok, tana fara ƙirgen layukanta daga 0, wasu na'urori kuwa daga 1, kuma wannan yakan rikita masu koyo. Amma kuskuren adireshi bai san dare ko rana ba. Da shi ne, da fitilun sun ɓata ko da wuta ko babu.

Abin da ya warware mana shi ne zama mu kalli fizgar kanta da kyau, maimakon kallon janareta. Fitilun ba barkatai suke yi ba. Duk lokacin da suka fizga, wuri guda suke nufa, kuma haskensu mutuwa yake yi, ba ƙaruwa ba. Ke nan akwai mai ba su umarni guda, yana maimaitawa. Ɗan 'yar'uwata ya buɗe tagar da ke nuna lambar kowace tasha a daidai lokacin. Tashar haske tana nuna lambar da aka naɗa, sai sifili, sai lambar, sai sifili.

Na tambaye shi, "Ban da fanka da cajar laftof, mene ne ke tashi idan an tayar da inji?"

Ya yi shiru, sannan ya waiwaya ya dubi kwanturola. Tana kan benci, an sauke maɓallanta duka ƙasa tun da aka gama naɗi, kuma wayarta na nan a jone da ɗan akwatin da ke miƙa saƙonta ga laftof. A tunaninsa, tunda ba ya taɓa ta, ta yi shiru. DMX kuwa ba ya shiru. Muddin na'urar tana kunne, tana sake aika dukkan tashoshinta har zuwa kusan sau 44 a daƙiƙa guda, ko an taɓa ko ba a taɓa ba, kuma maɓallin da ke ƙasa sifili yake faɗa. Naɗin yana cewa a haska, kwanturola tana cewa a mutu, fitilar tana bin wanda ya yi magana a ƙarshe. Idan an kashe janareta, kwanturolar ba ta da batiri, sai ta bar wa naɗin fili.

Ya zare wayar alhali inji yana ruri, fitilun suka natsu. Ya mayar, suka koma rawa. Daga baya ya gano inda ake kashe karɓar DMX a cikin saitin manhajar, ya riƙa kunna shi lokacin naɗi kawai.