Abin da ke Sa Injin Yankan Sitika Ɓata Aiki

Rubutun da ake gani a bayan Keke Napep da allunan shaguna, yawancinsa yanzu ba da fenti da buroshi ake yi ba. Inji ne ke yanka haruffan daga ledar sitika, bayan an tsara su a kwamfuta. Matasa da yawa a garuruwan ƙananan hukumomi sun kama wannan sana'a. Akwai injinan Japan irin su Roland da Graphtec, akwai kuma na Sin masu sauƙin kuɗi, amma matsalarsu kusan ɗaya ce. Wata rana inji sai ya fara yaga leda, ko ya bar harafi bai yanku ba. Leda ta lalace, mai aiki kuma yana tsaye yana jira.

Da yawa idan suka ga haka sai su ƙara wa injin nauyin dannawa. Wannan kuskure ne. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne tsinin wuƙa.

Ledar sitika ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita a kauri ba. Don haka tsinin da ake buƙata ɗan kaɗan ne ƙwarai, wanda da ƙyar ido ke ganinsa. Idan ya fito har ya kai kaurin katin banki, ya yi yawa. Doguwar wuƙa tana huda takardar da ke bayan leda, tana jan ƙananan haruffa, kuma tana saurin dakushewa. Ga yadda ake gwadawa: a ciro gidan wuƙar daga inji, a riƙe shi kamar biro, a zana da'ira a kan guntun leda. Idan ledar ta yanku, takardar baya kuma ta sami ɗan sawu kawai, to tsawon ya yi daidai. Idan ta huje, a murza a mayar da tsinin ciki.

Sai bayan nan ake taɓa nauyin dannawa, wanda ake aunawa da giram. A fara daga ƙasa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ana danna maɓallin gwaji, har ledar ta ɓare ba gardama.

Wuƙaƙen ma iri-iri ne. Mai digiri 45 ita ce ta ledar yau da kullum. Mai digiri 60 ta leda mai kauri ce, kamar mai ƙyalli da dare. Wuƙar da bakinta ya karye ba ta gyaruwa, sai dai a sake.

Idan kusurwar harafi ta fito a lanƙwashe, ko ta yi ɗan ƙaho, laifin ba na kaifi ba ne. Tsinin wuƙa ba a tsakiyarta yake ba, yana ɗan baya, kuma injin yana lissafa wannan tazara da lambar da ake kira ofset. Ga yawancin wuƙaƙe masu digiri 45 lambar milimita 0.25 ce. Idan ta gaza, kusurwa ta lanƙwashe. Idan ta zarce, ƙaho ya fito.

Wani lokaci kuma layi yakan fito a tsittsinke, nan ya yanku, can bai yanku ba. A duba siririyar robar da wuƙa ke bi ta kanta. Idan ta yi rami, a canja ta. Yawanci doguwar wuƙar nan ce ta ƙwaƙule ta tun farko.

Lokacin hunturu yana da tasa fitinar. Ƙura tana shiga gidan wuƙa ta hana ta juyawa, don haka a riƙa share shi, a ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, a kuma rufe inji da ƙyalle idan an tashi. Bushewar iska tana sa leda ta tara lantarki, irin wanda ke ƙara idan an tuɓe rigar leda. Wannan kan rikita inji ya tsaya ana tsakiyar aiki, ko ya ja layi ya ratsa rubutu. Maganinsa a haɗa jikin injin da wayar da aka binne a ƙasa. Masu aiki da janareto kuma su sa sitabilaiza.

Idan leda tana karkacewa a dogon aiki, a tabbata tayoyin da ke danne ta suna kan wurinsu, a warware ledar daga nadi kafin a fara, a kuma rage gudu.