Gardamar dogon bene a birnin Pari

Mutanen Pari, babban birnin ƙasar Faransa, sun yi shekara fiye da goma suna gardama a kan gini guda. Ginin nan dogon bene ne da ake ce ma Tour Triangle, wato bene mai kusurwa uku. Tsawonsa metir 180, hawa 42, an lulluɓe jikinsa da gilashi. A watan Satumba na 2008 ne magajin gari na lokacin, Mushe Bertrand Delanoë, ya nuna ma jama'a zanensa, amma ba a fara aikin ba sai ƙarshen 2021. Tsakanin nan an jefa ƙuri'a sau biyu a majalisar birni, an kai ƙara kotu, an gyara tsarin ginin, daga baya har dokar gine-gine ta birnin ta sake.

Mafarin magana

Wanda bai san Pari ba zai yi mamakin yadda bene guda ya tada ƙura haka, tun da akwai birane a Amurka da Asiya masu ɗaruruwan irinsa. Dalili kuwa shi ne, Pari birni ne na gajerun benaye. Daga 1853 zuwa 1870, wani perefe mai suna Haussmann ya rushe tsofaffin unguwanni, ya yanka manyan tituna, aka jera gidajen dutse masu hawa kamar shida, kusan kansu ɗaya. Wannan kamar ita ce mutanen birnin suka gada, ita ce kuma baƙi ke zuwa kallo daga ko'ina cikin duniya.

A 1973 aka gama benen Monparnas, mai metir 210, baƙi ƙirin, tsaye shi kaɗai cikin gari. Mutane da yawa suka ƙi jininsa. Har yau ana ba'a cewa daga kansa ne aka fi ganin kyan Pari, don nan kaɗai ne mutum ba ya ganin shi. A 1977 hukuma ta kafa doka cewa sabon gini kada ya wuce metir 37, wato hawa goma sha biyu ko kusan haka, a tsakiyar gari ma ƙasa da hakan. Dogayen benaye sai suka koma bayan gari, a unguwar kasuwanci ta La Defans. Dokar nan ta yi shekara talatin da ƴan kai tana aiki. A 2010 majalisar birni ta sassauta ta: gidajen kwana su kai metir 50, wasu benaye kuma su kai metir 180 a ƴan wurare na gefen gari. Ta wannan ƙofa ce Tiriyangil ya shigo. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen Pari da suka ji an ambaci sabon bene, Monparnas suka fara tunawa.

Siffar gini

Waɗanda suka zana benen mutum biyu ne na birnin Bal a ƙasar Suwis, Jacques Herzog da Pierre de Meuron. Su ne suka zana babban filin wasa na Pekin da ake ce ma sheƙar tsuntsu, inda aka yi wasannin Olamfik na 2008, kuma a 2001 sun samu kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a sana'arsu. Benen nasu gindinsa faɗi gare shi, yana tsukewa har ƙololuwa. Wanda ya dube shi ta fuska zai ga kusurwa uku, wanda ya dube shi ta gefe zai ga abu siriri kamar kaifin wuƙa. Masu zanen sun ce da gangan suka yi shi haka, don inuwarsa ta ragu a kan gidajen maƙwabta.

Masu goyon baya sun ce birni mai rai ba ya zama gidan ajiyar kayan tarihi, kowane zamani ya kamata ya bar alamarsa. Suna tuna ma jama'a cewa a 1887, lokacin da ake aikin hasumiyar Efel, manyan marubuta da mawaƙa da masu zane, har da Guy de Maupassant da Charles Gounod, sun sa hannu a takardar ƙin ta, ga shi yau ita ce tambarin Faransa. Masu adawa suka amsa cewa Monparnas ya haura shekara hamsin a tsaye, har yanzu bai shiga ran mutane ba, saboda haka daɗewa ba ta gyara kowane gini. Wasu sun kamanta sabon benen da yankan cuku, wasu da cakulan Toblerone. Ƙungiyoyin kare kayan tarihi, irin su SOS Paris, sun nuna cewa tun 1991 hukumar UNESCO ta sa gaɓar kogin Sen cikin kayan gadon duniya, kuma gini mai metir 180 ana hango shi daga nesa, yana sake kamar sararin birnin ga kowa, har ga wanda ba zai taɓa shiga cikinsa ba.

Wurin da aka zaɓa

An kafa benen a Ƙofar Bersai, cikin arondisma ta 15, kudu maso yamma da tsakiyar gari, dab da babbar hanyar mota da ta kewaye Pari. Filin na birni ne, yana cikin harabar baje koli inda kowace shekara manoma da makiyaya na Faransa ke kawo shanu da tumaki da amfanin gona a babban bikin noma. Masu aikin sun ce wurin ya dace. Yana nesa da tsohon gari, ga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metiro, layi na 12, ga taragon tituna layi biyu, ma'aikata za su iya zuwa ba da mota ba. Sun ƙara da cewa baƙin baje koli za su samu masauki a bakin ƙofa, kuma benen zai zama mahaɗa tsakanin Pari da garuruwan da ke maƙwabtaka da shi, Issy-les-Moulineaux da Vanves.

Mazauna unguwar da yawa ba su ga haka ba. Sun kafa ƙungiya ta musamman don yaƙar aikin. Suka ce metiro da tarago sun riga sun cika maƙil a ranakun baje koli, ina za a sa mutum 5.000 da aka ce za su riƙa aiki a benen kullum? Suka ce gindin ginin mai faɗi zai tsaya kamar katanga, ya raba harabar, ya tare ma gidaje rana da hunturu, lokacin da hasken rana ke da tsada a ƙasar. Wasu kuma suka yi tambaya: in biro ake bukata, me ya hana a gina shi a La Defans, inda aka tanada don haka?

Ƙuri'a biyu

Madam Anne Hidalgo, wadda ke kula da tsarin birni a zamanin Delanoë, ta zama magajiyar gari a 2014, ta kawo maganar gaban majalisa. Ranar 17 ga watan Nuwamba na 2014 aka jefa ƙuri'a a asirce. Wakilai 83 suka ƙi, 78 suka yarda. Ƴan adawa na hannun dama, ƙarƙashin Madam Nathalie Kosciusko-Morizet, sun haɗa kai da ƴan jam'iyyar kare muhalli, waɗanda abokan mulkin magajiyar gari ne. Sai dai wasu wakilai sun ɗaga takardunsu sun nuna ma jama'a kafin su jefa. Madam Hidalgo ta ce an keta sirrin ƙuri'a, ta ƙi amincewa da sakamakon, ta kai magana kotu.

Kamfanin Unibail-Rodamco, mai aikin, ya koma ya gyara tsarinsa. Ya rage wurin biro, ya ƙara otel mai ɗaki 120, da zauren al'adu. Ranar 30 ga watan Yuni na 2015 aka sake ƙuri'a, wakilai 87 suka yarda, 74 suka ƙi. An ba da takardar izinin gini a 2017. Ƙungiyoyi suka kai ƙara, kotu ta kori ƙararsu a 2019. An yi fatan gama ginin kafin wasannin Olamfik na 2024, amma wasannin suka zo, aka yi wasu daga cikinsu a harabar baje kolin nan, benen yana tsaye bai ƙare ba. Masu aikin sun sa 2026 a matsayin shekarar gamawa.

Riba ko hasara

An ƙiyasta kuɗin aikin kusan milyon 700 na kuɗin Turai, wato wajen milyar 460 na sefa. Kuɗin na ƴan kasuwa ne, ba daga baitulmali suka fito ba. Birni ya ba da hayar filinsa ta shekara 80, yana karɓar kuɗin haya. A 2021 kamfanin inshora na AXA ya shigo da jarinsa, sannan aka soma aiki. Masu goyon baya suna ganin wannan shaida ce cewa masu kuɗi sun yarda da makomar ginin. Sun ce manyan kamfanoni na son biro na zamani, in Pari ba ta ba su ba, za su tafi Landan ko wani birni da ayyukansu da harajinsu.

Masu adawa sun ce an yi lissafin nan tun 2008, duniya kuwa ta juya. Daga annobar korona ta 2020 ma'aikata da yawa sun saba yin aiki daga gida ta kwamfuta wasu ranaku na mako, kamfanoni suka rage wuraren da suke haya, biro da babu kowa ciki suka yi yawa a kewayen Pari. Benen kuwa mafi yawansa biro ne, murabba'in metir wajen 70.000. A ganinsu abin da birnin ke bukata shi ne gidajen kwana, don tsadar haya ta kori malaman lakwal da ma'aikatan likita da ƙananan ma'aikata zuwa bayan gari.

Ƴan kare muhalli sun kawo tasu hujja. Dogon bene yana cin siminti da ƙarfe masu yawa, sarrafa su kuwa na fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Bayan an gama, dole a hau da mutane da ruwa har sama da ƙarfin lantarki dare da rana, a sanyaya ɗakunan gilashi da bazara, a ɗumama su da hunturu. Kamfanin ya amsa cewa ya tanadi faifan hasken rana a jikin ginin, zai kuma jawo zafi da sanyi daga ƙarƙashin ƙasa don rage cin wuta. Sai mutane sun shiga sun zauna za a auna a gani.

Wa ya yi nasara

In an dubi fili, masu gini sun ci, tun da benen ya tashi. In an dubi doka, masu adawa ma ba su tashi hannu banza ba. A watan Yuni na 2023 majalisar birni, ƙarƙashin ita Madam Hidalgo ɗin da ta tsaya ma Tiriyangil, ta amince da sabon tsarin gine-gine wanda ya maido da iyakar metir 37, aka tabbatar da shi a ƙarshen 2024. Cikin shekarun da ƙofa ke buɗe, benaye kaɗan ne suka wuce: gidan shari'a na Pari mai metir 160, wanda aka buɗe a 2018, da tagwayen benaye na Duo a gabashin gari, sai shi Tiriyangil. Muddin wannan doka na aiki, ba za a sake ba da izinin irinsu a cikin birnin ba. Mutanen arondisma ta 15 kuwa, da waɗanda suka so da waɗanda suka ƙi, za su zauna da benen a bakin ƙofarsu, hayar filin ma kaɗai shekara 80 ce.